Baban Waya da Katin Banki

Mai Guga bai iya zama ba. Tun yana yaro haka yake: ka ba shi kujera, ya ɗosana rabin jiki a kai, ƙafa na rawa kamar wanda ya ɓoye abu yana jiran a gano. Abin da ya raba shi da makaranta ke nan. Aji uku ya kai a sakandare, ya ce benci ya ishe shi, ya fita bai waiwayo ba. Sai Allah ya haɗa shi da sana'ar da ba a yin ta a zaune. Shekara huɗu da rabi ke nan yana tsaye a ɗakin wanki na wani babban otal a ƙasar waje, hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, inda babu taga balle mutum ya san rana ake ko ruwa. Injin wanki shida na gurnani a jere, tururi na tashi, shi kuma yana gaban injin guga mai murfi: ya shimfiɗa riga, ya taka feda, murfi ya sauko ya yi "fuuu", ya ɗaga, ya juya hannun riga, ya sake takawa. Daga shida na safe har uku na rana. Bai taɓa ganin fuskar baƙo ko ɗaya ba, amma duk ya san su ta wuyan riga. Ya san mai gumi, ya san mai zubar da miya a ƙirji, ya san wanda tumbinsa ya fi ƙarfin maɓalli.

A gida ya baro mata da ciki wata biyar. Tela ce, kekenta na ɗinki a bakin ƙofar ɗaki, allura a baki kullum. Yarinyar da aka haifa a hoto ya fara ganin ta, hoton ma daga nesa aka ɗauka da tsohuwar waya, sai wani ɗan abu a tsakiyar zani. Ya ƙura ido ya ce, "Wannan ɗigon ce 'yar tawa?" Suna ya bi ta. Yanzu Ɗigo shekararta huɗu, baki gare ta kamar rediyo, kuma ta kasa iyaye maza gida biyu. Akwai baban su wane da wane, masu shigowa gida da ƙafafunsu. Akwai nata, Baban waya. Haka take kiran sa, kuma ba wasa take yi ba. A ganinta wani ɗan ƙaramin mutum ne, tsawon tafin hannu, da ke zaune a cikin wayar mamanta, yana fitowa ranar Lahadi in akwai caji.

Duk wanda ya ji sai ya yi dariya, har da shi Mai Gugan. Amma da ya kashe waya sai ya miƙe ya hau zagaye ɗaki, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado. Takardun zamansa ne suka ƙi fitowa duk shekarun nan. Da ya fita, da babu dawowa. Bana sun fito. Otal ya ba shi hutun sati uku nan da wata uku. A ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanin madara da dubu ɗaya da ɗari biyar na kuɗin ƙasar a ciki: dubu da ɗari na tikitin jirgi, ɗari huɗu na tsaraba. Ya rantse sai ya ɗora yarinyar nan a wuya ta san ubanta na da ƙafafu.

To amma sai mu koma baya kaɗan, don a can aka yi ɓarnar.

Mai Guga na da wata ɗabi'a. In kwat mai tsada ta zo guga, kafin ya sa ta a leda ya rataye, sai ya ɗan ara na minti biyar. Ya zura, ya gyara wuya, ya leƙa hagu da dama, ya nufi bakin lif, na'urar hawa bene ta ma'aikata, inda bango ke da ƙyalli. Mai ɗaukar hoto yana nan a shirye: Farfesa, abokin ɗakinsa kuma ɗan ƙasarsu, mai wanke kwanuka a kicin ɗin otal. Ana ce masa Farfesa don yana sa tabarau, kuma shi ya gama sakandare, saboda haka shi ke karanta wa 'yan ɗaki takarda. Mai Guga yana jin harshen ƙasar a baki, ya yi ciniki da shi, ya yi faɗa da shi, amma da an rubuta shi a takarda sai ya koma masa jerin tururuwa.

"Ɗaga haɓa," in ji Farfesa. "Sa hannu ɗaya a aljihu. A'a, ba kamar mai laluben canji ba, kamar mai otal ɗin!"

Hotuna suka yi ta tafiya gida. Yau baƙar kwat, jibi ruwan toka, wani satin mai layi-layi. Shi dai bai taɓa buɗe baki ya ce shi manaja ne ba, Allah na gani. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Kafin shekara ta zagayo, unguwa ta naɗa shi, kuma manaja ba ya cewa babu. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ita ba roƙo take yi ba, amma maƙwabciyarta da ɗanta ke gadi kawai ta samu firji. Ƙanensa ya turo saƙon murya mai tsawon minti tara: "Yaya, babur kawai. Wallahi kullum zan riƙa ajiye maka wani abu, kai ne za ka ce ya isa."

A daidai lokacin ya haɗu da katin. Ranar ruwa ake yi, ya fake a ƙofar wani babban kanti, sai ga teburi da wata budurwa mai murmushi tana raba lema kyauta ga duk wanda ya cika takarda. Shi lemar ya je karɓa. Bayan sati biyu kati ya iso a ambulan, da sunansa a jiki da haruffan azurfa. Katin bashi ne na dubu huɗu: ka saya yau, ka biya a hankali. Lemar kwana tara ta yi iska ta karya ta.

Ya gano kuma in ka zura katin a injin banki tsabar kuɗi yake tofowa, ba tambaya, ba hararar kowa. Firji ya tafi. Babur ya tafi. Sabuwar waya ta tafi wa Maman Ɗigo, don a riƙa ganin kwat da kyau. Sai Ɗigo ta kwanta asibiti kwana tara, sauran abin da ke cikin katin ya bi ta can, wannan kam ko yau ba ya nadamarsa. Cikin wata huɗu kati ya cika taf.

Takardar banki ta iso, shafi uku. Farfesa ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan akwati da aka zana da baƙin layi a saman shafin farko.

"Ga shi nan, har sun kewaye maka don kada ka wahala. Ɗari da ashirin, kafin ashirin ga wata."

"Sauran rubutun fa? Shafi uku ne fa."

"Gaisuwa ce. Mutanen nan akwai son gaisuwa."

Mai Guga ya ɗauko waya ya raba dubu huɗu gida ɗari da ashirin, ya samu talatin da uku da 'yan kai. Ya ɗauki biro ya ja layi talatin da huɗu a bayan ƙofar ɗaki. Duk wata in albashi ya shigo, kafin haya, kafin abinci, sai ya biya abin da ke cikin akwatin nan, ya dawo ya soke layi ɗaya. Bai taɓa makara ko da kwana ɗaya ba, kuma yana alfahari da haka. Takardun kuwa ba ya yar da su. Yakan tafi da su wurin aiki, ya rage zafin dutsen guga, ya goge su su miƙe sumul, ya jera a kwalin takalmi. In ya lura ɗan gurbi ya buɗe a katin, sai ya sayi ɗan takalmi ko ya sa kati a waya. A cewarsa, ai kuɗinsa ne, shi ya zuba.

Haka aka yi wata talatin. Saura layi huɗu.

Tikiti ya fi arha in an saya ta waya, amma sai da kati. Dabararsa ita ce ya saya da katin, tunda yanzu kusan wayam yake, sannan ya kai kuɗin gwangwani banki. Sai ya nemi Anti Tawul ta taya shi. Ita ce shugabar ɗakin wanki, 'yar ƙasarsu ce, shekara ashirin da biyu tana ƙirga tawul a otal ɗin, biro soke a ɗankwali. Tawul ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba tare da ta san ɗakin da ya kwana ba. Lokacin hutun rabin awa ta zauna a kan buhun zannuwan gado, ta shigar da lambobin katin, shi kuma yana tsaye a kanta yana canja ƙafa.

Waya ta yi ja. Ta sake. Ta yi ja. Ta sake na uku.

"Ɗana, katin nan a cike yake."

"A cike da me, Anti? Saura layi huɗu."

"Layin me?"

"Na bayan ƙofa."

Ta zare biro daga ɗankwali, ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Gobe ka zo mini da takardun bankin. Duka."

Washegari ya dire mata kwalin takalmi a kan teburin ninki. Ta zaro ɗaya, ta shafa, ta ɗaga ta a haske. "Kai, sun sha guga. Karantawa ce kawai ba a yi ba." Ta karanta shafin farko, ta juya na biyu, ta juya na uku, bakinta na motsi. Sannan ta jawo tawul goma sha biyu ta jera a gabansa.

"Wannan ɗari da ashirin ɗinka ne na wata. Kowane tawul goma. Kana bi na?"

"Ina bin ki."

Ta ware goma ta tura gefe. "Waɗannan na banki ne. Kuɗin ruwa. Hayar kuɗinsu da ke hannunka, duk wata sai ka biya, kamar hayar ɗaki. Ba sa taɓa bashin ko kaɗan." Ta ɗaga biyun da suka rage. "Waɗannan biyun kaɗai ke rage bashi. Su ma na ga kana komawa ka karɓe abinka ka sayi takalmi. Abin da ke cikin akwatin nan ba rabon bashi ba ne, ɗana. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka bayar don kada su ci ka tara. Su ai haka suka fi so."

Mai Guga ya ji ƙafafunsa sun tsaya cak, abin da ba su saba ba. "To nawa ya rage?"

"Ka biya dubu uku da ɗari shida."

"Yauwa."

"Ana bin ka dubu uku da ɗari bakwai."

Ya yi dariya, don ya zaci zolaya ce. Anti Tawul ba ta yi ba. "In ka ci gaba a haka, sai Ɗigo ta shiga sakandare kana soke layi. Sai ka nemi ƙofar maƙwabta."

Ranar bai hau bas ba. Ya tsaya a tasha, bas ta zo, ya kalle ta ta wuce, ya taka da ƙafa. Tasha bakwai ya wuce yana magana shi kaɗai, kwalin takalmi a hammata. Ya iske Farfesa a ɗaki ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

"Gaisuwa ko? Gaisuwa ka ce! Shafi uku suna gaishe ni, suna tambayar lafiyar iyali!"

"Kai, lafiya? Wa ya taɓa ka?"

Mai Guga ya tattaro safa da singileti da duk abin da hannunsa ya kai har goma sha biyu, ya jera a kan gado, ya maimaita karatun Anti Tawul da ihu. Ya ware goma, ya ɗaga biyu. Yana jiran gardama, don Farfesa bai taɓa yarda ya yi kuskure ba tun da aka haife shi. Sai ya ga mutumin ya ajiye kofi a hankali, ya cire tabarau.

"Ka ce goman na banki ne?"

"Na banki!"

"Duk wata?"

"Duk watan duniya!"

"Kai," in ji Farfesa da wata siririyar murya, "ni ma fa akwatin nake biya. Shekara biyar."

Faɗa ya mutu a nan. Wa za ka daka?

Satin da ya biyo baya Mai Guga bai san inda zai sa kansa ba. Ya ci abinci a tsaye, ya sa riga a bai-bai sau biyu, ya buɗe gwangwani ya ƙirga ya rufe, ya sake buɗewa ko sun haihu. Farfesa ya kawo shawarar a karɓi sabon kati a biya tsohon da shi; Mai Guga ya ce in ya ƙara jin bakinsa a maganar kuɗi sai ya goge masa tabarau da dutsen guga. Ya yi tunanin ya tafi gida kawai kada ya dawo, banki su zo su same shi in sun san hanya. To in ya yi haka aiki ya tafi, kuma baɗi Ɗigo za ta shiga makaranta, da me? Ita kuwa Anti Tawul shawararta ɗaya ce, ba ta da kwana-kwana.

"Ka juye gwangwanin nan kaf a cikin katin. Bashi ya koma dubu biyu da ɗari biyu, ruwan ya ragu, ka matse ciki shekara guda ka fita. Tafiya ta jira baɗi. Yarinyar ba guduwa za ta yi ba."

Lissafi ne mai kyau, shi ma ya sani. Sau uku yana ɗaukar gwangwanin a jaka har ƙofar banki. Na farko ya ce layi ya yi tsawo. Na biyu ya ce ya manta katin shaida, alhali yana aljihunsa. Na uku ƙofar ta buɗe da kanta don ya matso kusa, ya tsaya suna kallon juna da mai gadi, ya juya. Ranar Juma'a ya bar murfin inji a kan farar rigar wani baƙo yana tunani, sai da ya ji ƙauri. Karo na farko a shekara huɗu da rabi. Anti Tawul ta ɗaga rigar, ta dubi tambarin da ya fito a baya, ta ce, "Ka yanke shawara kafin ka ƙona mana otal."

Ya yanke: ba tafiya. Saura faɗa wa Maman Ɗigo.

Da can in zai kira ranar Lahadi, sai ya sa rigarsa mai kyau guda ɗaya, ya nemi bango mai tsabta ya jingina. Wannan Lahadin bai jira ya koma ɗaki ba. Da aka tashi ƙarfe uku, kowa ya watse, ya tsaya a gaban injinsa da rigar aiki mai ɗinkin lamba a ƙirji, gumi har wuya, ya danna kira. Ta ɗauka, ta jingina wayar a jikin keke, tana zura zare a allura. Ɗigo ta tafi gidan Inna.

Ya juya wayar ya nuna mata injinan wanki, tulin zannuwa, kwat uku a rataye cikin leda da lambar ɗaki a jikin kowacce.

"Maman Ɗigo, ga ofishina. Ni ba manaja ba ne. Guga nake yi. Kwat ɗin nan duk na baƙi ne."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na sani."

"Kin san me?"

"Baban Ɗigo, ni fa tela ce. Ta farko kafaɗa ta yi maka yawa da inci biyu. Ta biyu hannun bai kai wuyan hannunka ba. Mai layi-layin nan kuwa mai ita ya ninka ka a tumbi, na ga inda ka tattare ta a baya. Wane mai kuɗi ne awon jikinsa ke canjawa duk sati?"

"Shi ne kika yi shiru? Shekara huɗu?"

"Ka yi kyau a ciki. Kuma mutum yana can shi kaɗai ya samu abin da ke sa shi murmushi, ni ce zan ƙwace?"

Ya yi tari ya ɗora laifin a kan tururi. Sannan ya faɗa mata sauran: lema, kati, akwati, layukan bayan ƙofa, tawul goma da tawul biyu. A nan ne ta cire ƙafa daga kan keke.

"To wannan ne ban sani ba. Firjin Inna bashi ne?"

"Bashi ne."

"Babur?"

"Shi ma."

"Wayar nan da nake kallon ka a ciki?"

"Ita ma."

"Ni na zaci matse bakinka kake yi kana turowa, har ina tausayin ka. Ashe kai da banki kuke ta kyauta da kuɗin da babu." Ta yi faɗa sosai, faɗan da ba a ɗaga murya, wanda ya fi ciwo. Ya tsaya ya sha. Da ta lafa ya ce, "Shi ya sa ba zan zo bana ba. Anti ta ce in juye kuɗin tikiti a katin. Lissafinta daidai ne."

"Daidai ne. Amma Antinka ba ta ji abin da yarinyar nan ta tambaye ni shekaranjiya ba. Ina wanki, waya na kan bokiti, ta zo a guje ta ɗauke. Ta ce in wayar ta faɗa ruwa, Babanta zai mutu ko?"

Mai Guga ya dafa murfin inji, bai ma ji zafinsa ba.

"Ka sayi tikitinka," in ji ta. "Ɗari huɗun tsaraba ka kai wa masu katin. Ko alawa kada ka sayo."

"Haba, Maman Ɗigo. In sauka hannu biyu? Bayan duk hotunan nan? Me mutane za su ce?"

"Za su ce na kwana uku, su gaji, su koma kan wani. Kai dai ka zo da ƙafafunka, su ake son gani. Maganar babur kuma ka bar ni da ƙanenka, ni na san lokacin da yake dawowa gida."

Anti Tawul ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. "Wata bakwai ka ƙara wa kanka a tsaye, ka sani ko?" Ya ce ya sani, ai dama tsayuwa ce sana'arsa. Ta yi tsaki, ta karɓi dubu da ɗari, ta ƙirga sau biyu, ta saya masa tikiti da katinta na albashi. Sannan ta ce ya kira bankin a gabanta. Minti arba'in suna jin kiɗa a waya, Mai Guga ya zagaye teburin ninki ya fi sau talatin. Da aka ɗauka, ita ta yi magana, da irin muryar da take tambayar tawul ɗin da ya ɓata. Aka tashi a kan za a rufe katin, ba saye ba cira, a rage ruwan, shi kuma ya riƙa biyan ɗari biyu duk wata har wata goma sha tara. Ta sa aka maimaita, ta rubuta masa a bayan takardar wanki da Hausa, baƙi manya-manya.

"Wannan ka iya karantawa ko sai an kira Farfesa?"

"Anti, ki rufa mini asiri."

Ɗari biyu ba wasa ba ne a albashinsa. Ya manna takarda a ƙofar gidan da suke haya cewa ana guga ranar Asabar, riga kaza, wando kaza, ya rasa ranar hutunsa ɗaya tilo. Ƙanen nasa, bayan Maman Ɗigo ta tare shi a zaure, ya turo arba'in sau ɗaya, da dogon bayanin taya da ta sudde. Katin kuwa Anti ta ba shi almakashi ta ce ya yanka. Ya ce a'a, shi da sana'arsa zai yi masa sallama. Ya kwantar da shi a kan inji, ya taka feda, murfi ya sauko. Wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba, kati ya narke ya manne a murfi. Awa guda ya yi yana kankara da cokali, Anti na tsaye a kansa tana faɗa masa asalin wautarsa tun daga lema.

Ranar da ya isa gida, la'asar ta yi. Jaka ɗaya ce a kafaɗarsa, ba nauyi. Rigarsa ce a jikinsa, tasa ta kansa, ta sha guga har layin hannu zai iya yanka burodi. 'Yan unguwa suka fito tarba, suka gaishe shi, idanu na leƙen bayansa ko akwatuna na tafe a wata motar. Inna ta rungume shi ta yi kuka, ta ɗaga jakar ta jinjina, ta ajiye. Wani ya ce, "Manaja, an sauka lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. In kana da guga ka kawo, ina yi da sauƙi." Aka yi dariya, wasu suka zaci wasa ne.

Ɗigo kuwa ta shige bayan keken ɗinki ta riƙe ƙafar tebur.

"Zo ki gaida Babanki," in ji mamanta.

Ta leƙo da ido ɗaya. "Ba shi ba ne. Nawa ƙarami ne."

Ya durƙusa, ya kira ta, ya yi mata irin fuskar da yake mata ranar Lahadi. Ta ƙara maƙalewa. Wata bakwai na ƙarin tsayuwa ya saya don wannan, ga shi ana kallon sa kamar mai karɓar kuɗin wuta. Sai ya zaro wayarsa ya danna kira. Wayar Maman Ɗigo ta yi ƙara a kan keke. Yarinyar ta fito da gudu ta ɗauka, kamar yadda ta saba.

"Baban waya!"

"Na'am, Ɗigo."

Muryar ta fito wuri biyu. Ta dubi waya, ta dubi mutumin da ke durƙushe. Ta sake duban waya. Ta matso, ta zagaya bayansa, ta leƙa ƙeyarsa, ta dawo ta tsuguna ta taɓa babban yatsan ƙafarsa.

"Yaya aka yi ka fito?"

"Da ƙyar."

"Ina rigarka ta cikin hoto?"

"Ta mutane ce, na mayar musu."

Ta yi nazarin maganar, ta ga ba laifi. Ta tura shi ya zauna a kan benci, ta haye cinyarsa, ta hau ba shi labarin wata kyanwa da ta haihu a bayan firjin Inna. Ba ta kai ƙarshe ba barci ya ɗauke ta, hannunta riƙe da maɓallin rigarsa, ta cukuikuye layin gugar nan tas. Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Ya san saƙon banki ne, ashirin ga wata ta kusa. Ƙafarsa ta dama ta fara tsami, sannan ta mutu gaba ɗaya. Maman Ɗigo ta miƙo hannu za ta ɗauke ta ta kai ɗaki.

"Bar ta," in ji shi da raɗa. "Ina zaune."